Yaron da na kawo ofis ya ajiye aiki, ku gaya min gaskiya

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ban cika rubutu a nan ba, na fi karantawa in wuce, amma yau abu ya tsaya min a rai, kuma na san zauren nan akwai manya akwai yara, duk sana'armu ɗaya, aikin akanta.

Ni ke riƙe da sashen kuɗi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Apapa. Na zo Legas a 1996, shekara 17 ke nan ina kan kujerar nan. Bara wani aminina na Zariya ya kira ni a kan ɗansa: ya karanta akanta, ya gama bautar ƙasa, yana zaune a gida. Na tsaya kai da fata aka ɗauke shi. Wata biyun farko a gidana ya zauna kafin ya kama ɗaki a Agege. Na shiga na fita har kamfani ya biya masa kuɗin jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, zama biyu, kuma ya ci. Yaro ne mai kai, wannan ba zan ɓoye ba. Daidaita lissafin banki da ke cin mana kwana uku, shi ya haɗa wani abu a Excel yana gamawa kafin azahar.

Ƙarshen watan jiya, ranar rufe littafi, ƙarfe biyar da rabi na ɗaga kai na gan shi yana naɗe caja. Na ce ina zuwa? Ya ce, "Baba na gama nawa, na tura maka ta imel." Ina zaune, mataimakina da ya haife shi yana zaune, mai kula da albashi tana zaune. Ya yi sallama ya fice. Da daddare ina dubawa sai ga kuskure. Naira miliyan 18 da wani Alhaji dilanmu na Kano ya biya, ya zuba ta a asusun wani dila na Onitsha, don adadin iri ɗaya ne. Jimilla ta daidaita, kwamfuta ta nuna kore. Da ban gani ba, da safe za a hana motar Alhajin lodi a ce ana bin sa bashi. Mutumin da muke ciniki da shi shekara ashirin.

Shekaranjiya kuma sai ga takardar ajiye aiki, notis na wata ɗaya. Wai ya samu wani wuri da ake aiki daga gida kwana uku a mako. Ko shawarata bai nema ba, sai da ya rubuta sannan ya shigo yana sunkuyar da kai. Yanzu da wane ido zan kalli mahaifinsa? Ku gaya min gaskiya, haka duk yaran yanzu suke, ko ni ne na yi rashin sa'a?

Tsohon Odita:
Wa alaikumus salam. Malam, ba rashin sa'a ba ne, annoba ce. Ni uku na raina a ofishina, ukun duk sun tafi kafin su shekara biyu. Da zarar yaro ya saka haruffa uku na shaidar ƙwarewa a bayan sunansa shi ke nan, ya zama sa'anka. Mu a zamaninmu ko fitsari za ka fita sai ka dubi fuskar oga. Oga bai tashi ba ka tashi? Da wace ƙafar? Aikin akanta ba a agogo yake ba, ranar rufe littafi kowa na kowa ne. In ka gama naka sai ka ce, "Yallaɓai, akwai abin da zan kama?" Wannan ita ce tarbiyyar sana'a. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ga shi nan miliyan 18 ta nuna.

Zee Ogba:
Baba, ina wuni. Allah ya saka da alheri a kan abin da ka yi wa yaron nan, ba kowa ke yi ba. Amma tunda ka ce a faɗi gaskiya, ka yi haƙuri da abin da zan ce.

Ka ce ɗakinsa a Agege yake, ofis a Apapa. Kai da mota kake komawa, wataƙila ma da direba. Shi danfo zai kama zuwa Oshodi, ya sake kama wata. In ya fita biyar da rabi, Allah ya taimake shi ya isa takwas. In ya jira ka tashi ƙarfe tara, ya shiga hannun 'yan wan-cans masu fashi a motar haya da dare, kuma gobe kafin biyar ya sake fitowa. A cikin wannan ne kuma zai yi karatun jarrabawar Mayu ko ta Nuwamba. Yaushe?

Ni a kamfanin binciken kuɗi nake a Victoria Island. Daga Janairu zuwa ƙarshen Maris ba mu da rayuwa, saboda yawancin kamfanoni a Disamba suke rufe shekara. Azumin 2025 a Maris ya faɗo, tsakiyar aikin. Sau nawa na sha ruwa a kan gadar Third Mainland da dabino uku da ruwan leda, ban ƙirga ba. Ranar 31 ga Disamba ina cikin sito ina ƙirga katan-katan da hijabina har bayan isha'i. Duk wannan ban taɓa ƙorafi ba, don aiki ne, ina ganin amfaninsa. Abin da ke ƙona min rai shi ne ranar da na gama nawa ƙarfe huɗu amma dole in zauna ina latsa linzami ina kallon bango, saboda manaja bai tashi ba. Shi kuma manajan ya san in ya fita yanzu gosulo zai shiga, shi ya sa yake jira hanya ta saki. Wato jiran hanya yake, mu kuma muna jiran sa, a kira shi sadaukarwa.

Mahaifina ya taɓa tsayawa a bakin geti ƙarfe sha ɗaya na dare yana jira na, ya ce wane irin aiki ne wannan da 'ya mace za ta riƙa dawowa tare da masu gadi. Da ƙyar aka shawo kansa.

Autan Gida:
Zee kin gama magana. Ofis ba gidan uban kowa ba ne. An ɗauke ni takwas zuwa biyar, biyar ta yi na tafi. Tsofaffin nan so suke mu sha wahalar da suka sha kawai, ba wani abu ba.

Mai Kula da Zaure:
Auta, gyara harshenka. Waɗanda kake kira tsofaffi sun haife ka. Faɗi ra'ayinka ba tare da ambaton uban kowa ba, in ba haka ba in goge.

Autan Gida:
A yi haƙuri iyayena, bakina ne ya zame. Amma maganar tana nan.

Tsohon Odita:
Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Ke kuma 'yata Zee, mu molue muka hau, a tsaye, daga Idi-Araba har Marina, ba jirgin ƙasa ba BRT. Ku yanzu har jirgi aka kawo muku Agege. Ba mu mutu ba.

Zee Ogba:
Baba, jirgin a Oyingbo yake tsayawa, ba ya zuwa Apapa.

Ɗan Ikorodu:
Ni bari in yi maganar da kowa ke zagayawa: kuɗi. Baban Ummi, ba sai ka faɗi albashin yaron a nan ba, amma ka tambayi kanka nawa yake rage masa bayan kuɗin mota da haya.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. A Yuni aka saki naira. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Mu akantoci mu muka rubuta asarar canjin kuɗi a littattafan kamfanoni da hannunmu, mun ga manyan kamfanoni sun ci riba a ciniki sun tashi da asara a ƙasa. To albashinmu fa? Nawa ƙarin kashi goma aka yi min, aka haɗa da takardar yabo. Maigidan haya a Legas kuma ba ya karɓar takardar yabo, shekara guda yake so a dunƙule, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya.

Na bar wurin. Yanzu ina riƙe wa wasu ƙananan kamfanoni na Ingila littattafansu daga ɗakina, da manhajar lissafi ta QuickBooks da sola da intanet. Ban yi japa ba, ina nan ina cin tuwona, amma abokan karatuna da yawa sun ƙara da ACCA, takardar ƙwarewar akanta ta Ingila, sun tafi waje. Ba na cewa babu abin da na rasa. Ba ni da wanda zan leƙa ofishinsa in tambaya, in na maƙale sai YouTube. Amma ina aika wa mahaifiyata kuɗi duk wata ba tare da na ci bashi ba, kuma wannan shi ne abin da aka turo ni Legas in yi.

Mai Haraji:
Tambaya ɗaya Baban Ummi. Da kamfani ya biya kuɗin jarrabawar, an rubuta yarjejeniya cewa zai yi shekara kaza ko ya mayar da kuɗin?

Baban Ummi:
Ba a rubuta ba. An so a rubuta, ni na ce a bari, na tsaya masa. Ɗan aminina ne, ina zan kai masa takarda ya sa hannu kamar baƙo?

Mai Haraji:
To ka ga inda kara ta kai mu. Mu da muke hana a fitar da ko naira dubu ba rasit.

Akwai kuma abin da manyanmu ke mantawa. Da can abin da ke ɗaure mutum a wuri ɗaya ba ladabi kaɗai ba ne, garatuti ne da fansho. In ka tafi kafin shekarun su cika, ka tafi hannu rabbana. Dokar fansho ta 2004 ta sauya wannan: asusun naka ne, duk inda ka koma yana bin ka. Tun gyaran 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8, kamfani kashi 10. Wato igiyar da ta riƙe iyayenmu shekara talatin a tebur ɗaya an kwance ta da doka. Sai mu zauna muna mamakin me ya sa akuya ba ta tsaya a turke ba.

Na Kwall:
Duk wannan matsalar yaran ICAN ce. Namu na ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin, da suka zauna a kwalejinta a Kwall ta jihar Filato, suna da natsuwa, ba su da wannan rawar kan.

Autan Gida:
An zo wurin. Kawu, ICAN tun 1965 take da doka, taku sai 1993 aka ba ta. Wa ya girmi wa?

Mai Kula da Zaure:
A'a. Wannan rigimar mun yi ta sau uku a zauren nan, ba a taɓa tashi da komai ba sai ɓacin rai. A koma kan magana.

Akantan Mile 12:
Ku kuna ofis mai esi kuna kuka. Ku zo kasuwa ku gani. Ni littattafan dillalan albasa da tumatir nake riƙewa. Alhajina ɗaya bai taɓa shiga aji ba, amma zai gaya maka wanda ya ɗauki buhu arba'in a kan bashi tun kafin babbar sallah, da sunan direban da ya kawo kayan daga Aliero, da buhu nawa suka ruɓe a hanya. Ɗansa ya dawo da digiri, ya saka komai a manhajar waya, ya kawo POS. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, yaron ne ya ceci shagon, don kowa taransifa yake yi, Alhaji kuma bai yarda da alat ba sai ya ga kuɗi a hannu. Sai aka wayi gari manhaja ta ce wata mata ta Ketu ta wuce iyakar bashi, yaro ya hana ta kaya. Alhaji ya zo ya ji, ya kusa cire hula. Ashe matar nan ita ta ba shi jari lokacin da motarsa ta faɗi shekarun baya. Ya ce wa ɗan, "Wayar taka ta san wannan?" Yaron ya ce, "Baba ai ba ka gaya min ba." Alhaji ya ce, "Ka tambaya?" Ni dai na sunkuyar da kai ina danna kalkuleta kamar ba na wurin.

Maman Khalifa:
Akanta ka ba ni dariya, amma labarinka ya taɓa inda nake son zuwa.

Ni a tsakiya nake. Na fara aikin banki a 2005, lokacin haɗe bankuna, da aka ce kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Na ga an sallami mutanen da suka ba banki ƙuruciyarsu da takarda ɗaya ranar Juma'a. Tun daga nan maganar "ka riƙe kamfani zai riƙe ka" ta fita daga raina. Yanzu kuma ni ce ke da yara takwas a ƙarƙashina, kuma wallahi suna gwada ni. Ka kira yaro ba zai ɗauka ba, sai ya rubuto "Anti lafiya?" Ka ba shi kwantiragi mai shafi talatin ya karanta, ya jefa wa ChatGPT ya kawo maka taƙaitawa, sakin layin da zai kai mu kotu yana shafi na 22 bai gani ba. In lamba ta daidaita, shi a wurinsa magana ta ƙare. Ba ya jin warin lamba. Kuma ba shi zai sa hannu ba, ni ce. In abu ya ɓaci lambar rajistata ce a jikin takardar.

Amma manya ma mu ji tsoron Allah. Da aka koma ƙa'idojin lissafi na duniya, IFRS, a 2012, na ga manajojin da suka haddace tsofaffin ƙa'idojin SAS suna kiran yara ofis a rufe ƙofa a koya musu, a fito a nuna kamar su suka koyar. Da hukumar haraji ta kawo manhajar shigar da haraji ta TaxPro Max a 2021, wa ke shigar da VAT kafin 21 ga wata? Yaran. Ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, kowa ɗalibi ne, mai furfura da mara gemu. Iliminsu muna karɓa kyauta, namu kuma muna kulle shi a ka.

Yaya Baban Ummi, tambaya biyu nake da su, don Allah ka amsa tsakaninka da Allah. Ta farko: ta yaya kai ka gane kuɗin na Alhajin Kano ne ba na ɗan Onitsha ba? Ta biyu: da safe da yaron ya zo, me ka ce masa?

Baban Ummi:
Hajiya, ta farko mai sauƙi ce. Alhajin ba ya biya da sunansa. Da asusun babban ɗansa yake turowa, wani lokaci da na yaron shagonsa, kuma ba ya rubuta komai a bayani. Ina ganin sunan na gane. Duk wanda ya daɗe a ofishin ya san haka.

Ta biyu kuma, ban ce masa komai ba. Na gyara da kaina a daren. Da safe ya gaishe ni na amsa a taƙaice. Kusan mako biyu ban sake masa fuska ba, na daina kiran sa mu tafi masallacin Juma'a a motata. Na ɗauka zai gane ya yi laifi ya zo ya tambaya. Ɗan aminina ne, ba na son in ci masa fuska a gaban mutane, kuma ni ba mai yawan magana ba ne.

Zee Ogba:
Innalillahi. Baba, wato har yanzu bai san ya yi kuskuren ba?

Ka dubi abin daga wajensa. Ya rage aikin kwana uku zuwa rabin yini, ya tura, ya tafi gida. Washegari mutumin da yake kira Baba ya ɗaure masa fuska, ya daina ɗaukar sa a mota, ba dalili. Mako biyu. Ni ce ma zan ce an gaji da ni, in fara neman wani wurin tun kafin a kore ni. Kuma sunan ɗan Alhajin, a wane fayil aka rubuta shi?

Baban Ummi:
Ba a rubuta ba.

Ɗan Kongo:
Salamu alaikum. Jikata ce ke buga min, idona ya yi rauni, in kun ga kuskure nata ne.

Na karanta tun daga sama. Na gama karatu a Kongo, harabar jami'ar ABU a Zariya, na fara aiki a wani ofishin odita a Broad Street a 1981, lokacin naira ta fi dala. Mu SAP ɗin da muka sani shirin tsuke bakin aljihu ne na Babangida na 1986, ku naku manhajar lissafi ce a kwamfuta. Leja da hannu muke rubutawa, shafi guda ka haɗa shi sama da ƙasa, ka haɗa shi gefe da gefe, in kwabo goma ya ɓata ba mai tafiya gida.

Ƙanena Tsohon Odita ya faɗi gaskiya, ba ma tashi sai oga ya tashi. Amma ya faɗi rabi ya bar rabi. Ogana, wani dattijo Bayarabe, Allah ya saka masa, in ya tsare ni har tara na dare ba a ofishinsa yake barina ina kallon bango ba. Kujera yake ja ya zauna kusa da ni, mu bi bauca ɗaya bayan ɗaya da koren biro. Shi ya nuna min rasit uku daga mai kaya ɗaya, kwanan watansu Maris da Yuni da Oktoba, amma lambobinsu a jere, 41, 42, 43. Ya ce, mutumin nan wata bakwai ba wanda ya saya a wurinsa sai mu? Shi ya koya min in shinshina takarda, in ga ko tsohon kwanan wata ne a kan sabuwar takarda. In na yi kuskure zai buga fayil a tebur har na ƙasa su ji, amma kafin in kwanta na san laifina, na san gyaransa. In mun tashi ya sauke ni a Obalende ya saya min tsire. A shekara ta shida aka ba ni rancen mota na ɗauko Beetle. To ka ga ciniki ne: na ba shi darena, ya ba ni abin da ke kansa, ofis kuma ya ba ni abin da zan tsaya da ƙafata.

Mu da muka gaje su, sai muka riƙe zaman daren muka saki koyarwar. Ni ma na yi, ba na cire kaina. Akwai yaran da na tsare har dare ban koya musu komai ba sai jira.

Baban Ummi, ɗana, kawaici abu ne mai kyau a gida, tsakaninka da suruki ko maƙwabci. A kan lissafi ba shi da wuri. Ka yi wa yaron kara a inda ya kamata ka yi masa faɗa, sannan ka hukunta shi da shiru a kan abin da bai sani ba.

Maganar tafiya kuma, marigayi Akintola Williams da muke alfahari da shi, ya zama akanta a Ingila a 1949, ya dawo ya kama aikin gwamnati a ofishin haraji, bai daɗe ba ya ajiye ya buɗe nasa ofishin a nan Legas a 1952, lokacin sana'ar tana hannun Turawa. Ina da tabbacin a lokacin akwai dattijon da ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Ya rasu a 2023 yana da shekara 104.

Abu ɗaya da ban goyi bayan yaron ba: ya kwana a gidanka, ya ci tuwon matarka. Ko da kai ne mai laifi, ya kamata ya same ka a gida ya ce Baba ga abin da nake ciki, kafin ya rubuta takarda. Wannan ba maganar ofis ba ce, maganar gida ce, kuma a gaya masa.

Tsohon Odita:
Ranka ya daɗe, ba na ja da kai. Amma ni fa na zauna da nawa, na koya musu, kuma suka kwashi ilimin suka kai wa wani. Na ukun ma da abokan cinikina biyu ya tafi. Sai in ci gaba da dasa bishiya wani na shan inuwa?

Ɗan Kongo:
Wanda ya tafi da abokan cinikinka ya ci amana, wannan daban. Sauran biyun kuwa, kai wa ya dasa ka? Kana ofishinsa har yanzu?

Tsohon Odita:
Allah ya ja kwana, Baba. Na yi shiru, ba don na gamsu duka ba.

Autan Gida:
Baba Ɗan Kongo, wallahi da irin ogan nan naka zan samu, ni ma zan kai tara. Maganar rasit ɗin nan ban taɓa jin ta ba, kuma na ci jarrabawar binciken kuɗi da maki mai kyau.

Maman Khalifa:
Auta, ka taɓa tambayar naka ogan? Wasu ba sa ja maka kujera, amma in kai ka ja ka zauna ba za su kore ka ba. Ka gwada ranar da ba 10 ga wata ba, kada ka je masa yana fama da biyan harajin albashi na PAYE.

Baban Ummi:
Na gode muku duka, har da waɗanda maganarsu ta yi min ɗaci. Na karanta ta Baba sau uku. Har yanzu raina bai daina sosuwa ba a kan yadda ya tafi da abin, kuma zan gaya masa, a gida ba a ofis ba. Na ce wa Maman Ummi ta kira shi cin abinci ranar Asabar. Zan nuna masa maganar miliyan 18 ɗin. Ba zan roƙe shi ya zauna ba, albashin da suka ba shi ko na je wurin mai kamfani ba za a kai rabin tazarar ba, na san gidan da nake. Mahaifinsa kuma ni zan kira shi kafin ya ji a wani wuri.

Yau na sa mataimakina ya fara rubuta sunayen da kowane dila ke biya da su. Mun kai talatin da ɗaya ba mu gama ba, wasu ma sai da muka yi gardama ni da shi.

Sai wata matsalar. Saura kwana 27 ya tafi, kuma abin nan da ya haɗa a Excel ba wanda ya san cikinsa a ofishin. Jiya na buɗe na taɓa wani wuri, duk shafin ya cika da alamar kuskure, na rufe ban ajiye ba. 'Yata Zee, abin nan ana koyon sa a wata ɗaya?

Zee Ogba:
Ana koya Baba, amma shi ya kamata ya koya maka tunda shi ya gina. Ka ce ya zauna da kai awa ɗaya kullum, ya kuma rubuta matakan a takarda. Ka sa shi ya ƙara shafin sunayen nan 31 a ciki, yadda zai riƙa duba suna ba adadi kaɗai ba. Excel ɗin wace shekara ce a kwamfutarka?

Baban Ummi:
A ina ake dubawa?

Akantan Mile 12:
Zee, ki fara da bismillah, tafiyar da nisa.